CIZON HAƘORA CIKIN BARCI DA TSADAR GARKUWARSA: JAN HANKALI GA 'YAN RAWAYYA MAZAUNA BIRANE

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu

 



GABATARWA

An umarce ni da in yi magana a kan wani fanni na kiwon lafiya. Na san wasu za su yi mamakin jin na zaɓi cizon haƙora cikin barci, alhali ga zazzaɓin cizon sauro, ga matsalar haihuwa, ga rashin tsaro da ya hana mu sakat. Dalilina shi ne, wannan lalura tana cikin gidajenmu da yawa, ba a kawo ta gaban likita sai ta gama ɓarna, kuma idan ta zo, mu mazauna birane ne ake bugo wa waya a ce an rubuta wa Baba ko Inna wata roba ta sawa a baki, ga kuɗinta. A nan sai mutum ya rasa ta cewa: ya biya ne, ko kuwa wata hanyar cin kuɗi ce? Burina a yau shi ne mu tashi daga nan kowa ya san mece ce wannan roba, me ya sa take da tsada, wa ya kamata a yi wa ita, kuma me za mu iya yi a ƙungiyance domin kuɗin ya ragu.

MENE NE CIZON HAƘORA?

Cizon haƙora, ko cin haƙori kamar yadda ake faɗi a gida, shi ne mutum ya riƙa gurza haƙoran sama da na ƙasa, ko ya datse su da ƙarfi, ba tare da yana cin abinci ba. Iri biyu ne. Akwai na farke, wanda mutum ke yi yana tuƙi ko lissafi ko cikin ɓacin rai. Akwai kuma na barci, wanda mai shi bai san yana yi ba, sai dai matarsa ko abokin kwanansa ya gaya masa. Binciken masana ya nuna kimanin mutum 8 zuwa 10 cikin kowane baligi 100 suna yin na barci, kuma ya fi haka yawa a tsakanin yara. Ke nan idan mu 200 ne a wannan zaure, da wuya a rasa mutum 16 zuwa 20 da abin ya shafa.

Allah Ya halicci haƙori da farin ɓawo wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, har da ƙashi. Sai dai ƙashi idan ya karye yana haɗewa, shi kuwa wannan ɓawo idan ya cinye ya tafi ke nan. A bisa al'ada, haƙoran sama da na ƙasa ba su haɗuwa sai lokacin tauna da haɗiya, wanda idan aka tara shi bai wuce kimanin minti 20 a yini ba. Mai cizon haƙora kuwa yana ƙara musu aikin dare, da ƙarfin da ba ya iya lura da shi domin yana barci. Kamar dutsen niƙa ne da ake ta gurzawa babu hatsi a kai. Kansa yake ci.

Alamominsa sun haɗa da haƙora su gajarce su baje, su riƙa tsami idan an sha ruwan sanyi, gefensu ya riƙa ɓantarewa, a tashi da safe da ciwon muƙamuƙi ko ciwon kai ta wajen gefen ido, wani lokaci muƙamuƙi ya riƙa ƙara idan an buɗe baki. Wanda aka taɓa cike wa haƙori kuwa, sai cikon ya yi ta fita.

ME KE KAWO SHI?

A gida an saba cewa tsutsar ciki ce ke sa yaro cin haƙori. Bincike bai tabbatar da haka ba. Ba yaro maganin tsutsa a kan lokaci abu ne mai kyau, amma kada a ɗauka shi ne maganin wannan. Yawancin yara suna bari da kansu idan sun girma. Da can likitoci ma sun ɗauka rashin daidaiton haƙora ne sila. Yanzu an gane abin daga ƙwaƙwalwa yake tasowa, a daidai lokacin da barci ya yi sama-sama na 'yan daƙiƙoƙi, bugun zuciya ya ƙaru, sai tsokar muƙamuƙi ta motsa. Saboda haka ne rahoton masana na duniya na 2013, da wanda ya sake duba batun a 2018, suka bayyana shi a matsayin aikin tsoka, wanda ga mai lafiya ba lalle ne a kira shi cuta ba sai idan ya fara ɓarna.

Abubuwan da ke ƙara shi sanannu ne: taba sigari, giya, wasu magungunan ƙwaƙwalwa, toshewar numfashi cikin barci mai zuwa da minshari, da sinadarin kafin mai hana barci. Wannan sinadari yana cikin kofi da shayi mai kauri da lemunan ƙara kuzari da samarinmu suka runguma, kuma, iyayena ku gafarce ni, yana cikin goro. Wanda ya ci goro biyu bayan Isha'i ya bi da shayi, ya riga ya ɗinka wa muƙamuƙinsa aikin dare.

Uwa uba kuma damuwa. A 2021, lokacin annobar korona, Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta tambayi 'ya'yanta, sai fiye da kashi 70 cikin 100 suka ce sun ga ƙaruwar masu cizon haƙora a asibitocinsu. In zaman kulle ya yi wa Amurkawa haka, ina ga mutanenmu? Mun ga watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a jihar nan, muka kwana muka tashi ba mu san halin da iyayenmu ke ciki ba. A cikin watan nan ne aka ɗauke Mai Martaba Sarkin Bungudu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, sai bayan kimanin wata guda Allah Ya kuɓutar da shi. Mun ga watan Satumba na 2023 da aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida. Manomin da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, da uwar da ɗanta bai dawo daga gona ba har Magariba, da ɗan birni mai jiran mugun labari a waya, duk ba barcin kirki suke yi ba. Abin da baki bai furta ba da rana, haƙora ke ɗauka da dare.

GARKUWAR HAƘORA DA IRE-IRENTA

Abin da likita ya fi rubutawa shi ne wata roba da ake kifawa a kan haƙoran sama ko na ƙasa kafin a kwanta. A asibiti za ku ji ana ce mata nait gad. Ni zan kira ta garkuwar haƙora, domin aikinta ke nan. Ya kamata mu fahimci wannan tun kafin mu zaro kuɗi: garkuwa ba ta warkar da cizon. Nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2007, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi, bai sami isasshiyar hujjar cewa tana hana cizon ba, amma ya nuna tana iya rage cinyewar haƙora. Mai ita zai ci gaba da gurzawa, sai dai robar ce za ta cinye a maimakon haƙorinsa. Duk wanda ya ce muku zai sayar muku da maganin da zai raba ku da abin har abada, ku riƙe aljihunku.

Garkuwar iri uku ce. Ta farko ita ce ta kanti, mai girma ɗaya ga kowa, irin ta 'yan wasa. Ta biyu ita ce wadda ake tsomawa a ruwan zafi ta yi laushi, a ciza ta ɗauki siffar baki. Ta uku ita ce wadda ake yi wa mutum shi kaɗai bisa awon bakinsa, ko mai laushi ko mai tauri. Mai taurin da aka fi sani ta samo sunanta daga Jami'ar Mishigan ta Amurka, inda aka inganta ta. Bambancin ta biyu da ta uku kamar na rigar gwanjo ne da wadda tela ya auna ka ya ɗinka. Ta ruwan zafi tana da kauri, takan faɗo cikin barci, kuma mai laushi takan sa wasu su ƙara taunawa. Mafi hatsari ita ce wadda ba ta rufe dukkan haƙora ba, domin idan aka daɗe ana sa ta, haƙoran da aka bari a buɗe sukan motsa, cizon mutum ya karkace, a koma neman gyaran da ya fi na farko tsada. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

INA KUƊIN YAKE TAFIYA?

A Amurka, garkuwar da likita ya auna takan ci dala 300 zuwa 800, ta ruwan zafi kuwa ba ta cika wuce dala 20 ko 30 ba. A 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Dala 300 ke nan ta kama naira 450,000, wato fiye da albashin wata shida na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na shekarar. A ƙasarmu farashin bai kai haka ba, domin ladan aiki ya fi sauƙi. Na kawo wannan lissafi ne saboda 'yan uwanmu da ke ƙetare, da kuma saboda mu gane cewa duk abin da ya jiɓanci dala a cikin aikin nan, a kanmu yake sauka.

Ga yadda aikin yake. Da farko likita zai duba baki, wataƙila ya ɗauki hoto. Idan akwai kogo ko ciwon dasashi, dole a gyara su tukuna, domin idan aka cike haƙori bayan an yi garkuwa, ba lalle ne ta sake shiga ba. Daga nan a kwaɓa wani gari da ake samu daga ciyawar teku, a zuba a cokali mai siffar baki, a danna a kan haƙora har ya daskare ya ɗauki zubinsu. Sai a zuba farar ƙasa irin ta filasta a cikin zubin, a fitar da kwafin haƙoran mutum. Wannan kwafi shi ake kai wa maƙerin haƙori a ɗakin ƙira, ya gina garkuwar a kansa. Bayan kwanaki mutum ya dawo a gwada, a kankare inda ya yi tudu, sannan a sake ganinsa bayan 'yan makonni.

To, ku ƙirga hannun da abin ya bi: likita, mai taimaka masa, maƙeri. Ku ƙirga kayan: garin awo da filasta da roba, waɗanda akasarinsu daga waje ake shigo da su, kuma farashinsu ya tashi tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023. Ku ƙara da man janareta, wanda shi ma ya tashi tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Wannan shi ne kuɗin da ake rubutawa a takarda.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubutawa, wanda shi ya fi cin mutumin Rawayya. Mai zama Kano yana da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a cikin gari. Namu kuwa sai ya fito Gusau, inda Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya take. Idan aikin ya buƙaci a tura shi gaba, ko dai ya bi ta Bungudu da Maru da Talatar Mafara zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 200, ko ya bi ta Kwatarkwashi da Tsafe da Funtuwa zuwa Zariya ko Kano. Zuwan kuma aƙalla biyu ne, sau da yawa uku. Dattijo ba ya tafiya shi kaɗai, sai da ɗan rakiya. Ga kuɗin mota, ga abinci, ga kwana, ga yinin gona ko na kasuwa da aka rasa, ga fargabar hanya wadda ba ta da farashi. Sau da yawa wannan ne ke sa a ce a bar shi kawai.

Game da inshora, shirin inshorar lafiya na ƙasa ya fara aiki a 2005, aka sake masa doka a 2022, jiharmu ma tana da nata shirin na taimakekeniya. Amma abin da irin waɗannan shirye-shirye suka fi ɗauka a fannin haƙori shi ne duba baki da ciko da cirewa. Ma'aikatan da ke cikinmu su tambayi kamfanin inshorarsu a rubuce kafin a fara aiki, kada a gama sannan a fara jayayya.

WA YA KAMATA A YI WA?

Ba duk mai cizon haƙora ke buƙatar garkuwa ba. Yaron da bai gama famfara ba galibi ba a yi masa, domin bakinsa yana girma, yau ta shiga gobe ta ƙi. Babban da ke yi jefi-jefi, babu ciwo, babu alamar cinyewa, abin da yake buƙata shi ne ya rage goro da shayi da taba da yamma, ya gyara lokacin barcinsa, a riƙa duba bakinsa sau ɗaya a shekara. Mai datse haƙora da rana ya koyi lura da kansa: leɓe a rufe, haƙora a rabe. Mai minshari mai ƙarfi, wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, a fara duba wannan, domin garkuwar sama takan ƙara wa wasu irinsu toshewar numfashi, kuma wannan lalura tana da alaƙa da hawan jini.

Wanda ya kamata a yi wa ba tare da jinkiri ba shi ne wanda haƙoransa suka fara gajarcewa ko tsagewa, da wanda ke tashi da ciwon muƙamuƙi kullum, da wanda aka riga aka kashe wa kuɗi wajen ciko ko hular haƙori. A kan irin wannan mutum, garkuwa ita ce mafi arahar abin da za a saya. Haƙori ɗaya idan ya tsage har jijiya, sai an cire jijiyar an sa masa hula, kuma wannan aiki ya fi garkuwa tsada, alhali ita tana kare baki ne gaba ɗaya. Idan babu kuɗin, sai a cire haƙorin. Turmi ɗaya ya tafi, na kusa da shi ya ɗauki nauyinsa, shi ma ya bi. Dattijon da ya rasa turamensa ya bar nama, ya bar gyaɗa da rake, ya koma kunu da fura, jiki ya fara raguwa. Muna kashe kuɗi mu sa haƙorin Makka domin ado, babu laifi. Amma haƙora 32 da Allah Ya ba mu kyauta sun fi cancantar a tsare su.

Kafin ku biya, ku yi tambayoyi huɗu. Shin likitan yana da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya? Mai laushi za a yi ko mai tauri, kuma me ya sa? Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da awo da gwaji da gyaran baya? Idan ba ta zauna daidai ba, wa zai ɗauki nauyin sakewa? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Idan kuma an karɓo ta, a riƙa wanke ta da ruwan sanyi da buroshi kowace safiya, a bar ta ta bushe, a ajiye a cikin gwangwaninta. Kada a zuba mata ruwan zafi, kada a bar ta a rana ko a cikin mota, domin zafin bazarar Zamfara ya isa ya lanƙwasa ta. Mai tauri idan an kula da ita takan yi shekaru.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Mai girma shugaba, farashin dala ba a hannunmu yake ba, amma kuɗin hanya muna iya kashe shi. Ina ba da shawarwari huɗu.

Na farko, a lokacin Sallah da muke haɗuwa a gida, ƙungiya ta gayyato likitan haƙori mai rajista da mataimakansa su yi yini biyu suna duba bakin jama'a. Wanda aka ga yana buƙatar garkuwa, a ɗauki awonsa nan take, a zuba filasta a wurin, domin zubin ba ya jure jira. Mutum ɗaya ya kai kwafin duka ɗakin ƙira, likita ya sake zuwa rana ɗaya ya gwada wa kowa. Maimakon mutum ashirin su yi tafiya sau biyu ko uku, sai mota ɗaya ta yi. Aikin da aka kai a dunƙule kuma yana da bakin neman ragi.

Na biyu, a ware wani kaso a asusun lafiya na ƙungiya domin haƙori, likita ya tantance wanda za a fara da shi bisa girman ɓarna da rashin hali, ba bisa sanayya ba, a kuma karanta mana lissafin a taro mai zuwa.

Na uku, mu sa 'ya'yanmu a wannan fanni. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri suna horar da likitocin haƙori, ana kuma koyar da ƙirar haƙori a matakin difloma da digiri a ƙasar nan. Cikin tallafin karatu da muke bayarwa, a keɓe gurbi ko da ɗaya ne. Ranar da ɗan Rawayya ya buɗe ɗakin ƙira a Gusau, rabin wannan jawabi ya zama tarihi.

Na huɗu, mu roƙi limamanmu da malaman Islamiyya, musamman na mata, su riƙa tunatarwa a kan lafiyar baki. Aswaki sunna ne da muka gada, sai a ɗora a kai: a daina fasa ƙashi da buɗe kwalba da haƙori, a daina kai baki wurin masu cire tsutsar haƙori a kasuwa, kuma mace idan ta ji maigida yana cin haƙori da dare ta gaya masa, ba abin kunya ba ne. Yankinmu ya san illar sakaci da baki. Asibitin yara masu ciwon noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, yana karɓar yara daga jihohin nan namu, kuma sai a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ciwo cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Likitan da ya zo duba cizon haƙoran manya, shi ne zai hango dasashin yaron da ya fara ruɓewa tun ana iya ceto shi.

KAMMALAWA

'Yan uwa, idan aka bugo muku waya daga gida a kan wannan roba, kada ku yi saurin cewa yaudara ce, kada kuma ku tura kuɗi ido rufe. Ku tambayi wanda ya duba, da abin da ya gani, da abin da kuɗin ya ƙunsa. Ku kuma tambayi mai haƙoran abin da ke hana shi barci, domin wataƙila abin da ya fi buƙata daga gare ku shi ne ku ɗauke masa wani nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon kwamitin lafiya ya zauna a kan waɗannan shawarwari kafin Sallah mai zuwa, ya kawo mana kiyasin abin da zuwan likita zai ci, mu kuma mu sa hannu a aljihu.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya mayar wa mutanenmu barcinsu. Allah Ya ɗaukaka Rawayya da Jihar Zamfara da Najeriya baki ɗaya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.